Masallacin makaranta ba na Bahaushe kaɗai ba ne

Iyaye da yawa idan ɗansu ya samu gurbin karatu a Jami'ar Jos, nasiharsu ta farko ita ce: "Ka kama karatunka, ban da shiga ƙungiya." Ban ga laifinsu ba. Garin nan ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008 da na 2010, a 2021 ma sai da aka rufe jami'ar aka kwashe ɗalibai zuwa jihohinsu. Duk da haka, ƙanina, shawarata gare ka ita ce ranar da ka ajiye jakarka, ka nemi masallacin makaranta ka tambayi 'yan MSS, wato Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya.

Yaro ya taso daga Haɗeja ko Gusau, ya sauka a Farin Gada da rigar shadda guda, sanyin Naraguta ya shiga ƙashinsa, bai san inda ake rajista ba, bai san inda zai ci abinci hankalinsa kwance ba. 'Yan uwan nan su ne za su riƙe hannunsa, su samar masa wurin kwana kafin ɗaki ya fito, 'yan aji uku su zauna su warware masa darasin da ya gagare shi kyauta. Da azumi a shimfiɗa tabarmi, a jera kunu da ƙosai da dabino, wanda kuɗinsa ya ƙare tun tsakiyar wata ya zauna ya sha ruwa ba tare da kowa ya gane halin da yake ciki ba. 'Yar uwa da ke jin nauyin shiga aji da dogon hijabi, idan ta ga yayyenta a sashen likitanci da na shari'a sanye da irinsa, sai zuciyarta ta tsaya. Ga kuma abin da ke burge ni: a garin da aka kafa Izala a 1978, mai ƙabalu da mai sadalu suna sahu ɗaya.

Sai dai akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma da mu Hausawa nake.

A Legas aka kafa ƙungiyar nan a 1954. Ɗalibai Yarabawa ne suka assasa ta, a zamanin da makarantun boko mafi yawa na mishan ne, kuma shugabanta na farko shi ne Lateef Adegbite, wanda daga baya ya zama Sakatare Janar na Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Gado muka tarar. To me ya sa idan muka yi rinjaye a wuri, sai a fara ta'alimi da Turanci, kafin a kai rabi an zarce da Hausa, a yi sanarwa da Hausa, a yi raha a yi dariya, ɗan Ilorin da ɗan Okene suna zaune suna kallon bakinmu? Bayan sallama su ɗauki takalmansu su tafi, gobe mu ce ba sa zuwa taro.

Wanda ya fi ba ni tausayi ma shi ne Musulmin Filato ɗan asalin ƙasar: Bogghom na Kanam, Pyem na Gindiri, Angas da Mwaghavul. Shi yana jin Hausa ras. Amma da ya faɗi sunan gidansu sai a ɗaga gira a ce, "Au, ashe kai Musulmi ne?" Wani har ya kira shi tubabbe, alhali kakansa a Musulunci aka haife shi. Wallahi wannan abin kunya ne. A jihar da ake fassara kowace fitina da cewa tsakanin Hausa-Fulani ne da 'yan ƙasa, wannan bawan Allah yana da kawu a coci, yana da ɗan uwa a masallaci, ɓangarorin biyu suna sauraronsa. Shi ya kamata mu ja gaba.

Ba cewa na yi a bar Hausa ba, harshena ne, da shi nake wannan rubutu. A yi da'irar karatu da Hausa ga mai so. Amma taron kowa da kowa a yi shi da harshen da kowa ke ji, kuma idan an zo naɗa Amir da Amira a bana, masu shura su duba cancanta, su daina duba garin da mutum ya fito.