Kafin ku haɗiyi ƙwayar hana tsufa

'Yan'uwana matasa, na ga yadda ake ta yayata NAD+ a intanet, wai yana ƙara kuzari, yana gyara yadda jiki ke sarrafa abinci, har ma ya mayar da tsoho yaro. Ku ɗan dakata mu yi magana.

Sinadarin nan na gaske ne, ba zan musa ba. Tun 1906 Arthur Harden da William Young suka gano shi a Ingila. Babu ƙwayar halitta a jikinku da ba ta aiki da shi wajen juya abinci zuwa ƙarfi, kuma da shi ake gyaran kwayoyin gado idan sun samu rauni. Jiki da kansa yake haɗa shi daga bitamin B3. Gaskiya ne kuma yana raguwa idan shekaru suka ja.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin labarai masu daɗin ji a kan ɓeraye aka same su. Ɓera kuwa ba mutum ba ne. A jikin mutane, an tabbatar NR da NMN, wato ƙwayoyin da ake sayarwa waɗanda jiki ke juyawa zuwa NAD+, suna ɗaga yawan NAD+ a jini, amma ɗaguwar lamba a takardar gwaji daban, ƙarin lafiya da tsawon kwana daban. Binciken NMN da aka fi kafa hujja da shi, wanda Jami'ar Washington ta Amurka ta fitar a 2021, mata 25 kacal aka yi wa, masu ƙiba da suka daina al'ada kuma suke dab da ciwon suga, na mako 10. Tsokarsu ta ɗan fi karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Shi ke nan fa. To kai mai shekara ashirin da biyar, wane tsufa kake gudu?

Idan gajiya ta addabe ku, ku je likita ya duba. Ƙarancin jini, ciwon suga, rashin isasshen barci, duk suna kawo kasala, kuma kwalbar NMN ba za ta warkar da ko ɗaya ba. Kada kuma ku ce ai bitamin ne, ba ya cutarwa: niyasin, wato wani nau'in bitamin B3, idan ya yi yawa yana sa fata ta yi ja da zafi, yana iya taɓa hanta. Mai ciki, mai shayarwa, da mai fama da ciwon daji, kada su kuskura su sha sai da izinin likita.

Motsa jiki kuwa yana ƙara sinadarin da tsoka ke sabunta NAD+ da shi. Wannan masu talla ba sa faɗa muku, tunda ba a zuba shi a kwalba.