Yawan kujerun majalisa ba shi ne yawan magoya baya ba

Mutane da dama suna ɗauka cewa jam'iyyar da ta kwashe mafi yawan kujerun majalisa, ita mafi yawan jama'a suka zaɓa. Sau da yawa ba haka abin yake ba.

A zaɓen Birtaniya na 2024, jam'iyyar Labour ta samu kusan kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, amma ta kama kujeru sama da 400 cikin 650. Reform UK ta samu kashi 14, kujerunta biyar kacal. Liberal Democrats, da ba ta kai Reform ƙuri'u ba, ta tashi da 72. Ba maguɗi aka yi ba, tsarin ne haka. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, sauran kuwa sun tashi a tutar babu. Jam'iyyar da magoya bayanta suka warwatsu ko'ina ita ke shan kashi. Wannan tsari Najeriya ke bi a zaɓen 'yan majalisa, kuma yana daga cikin dalilan da ke tura 'yan siyasa cikin manyan jam'iyyu, kamar haɗakar da ta haifi APC a 2013.

Afirka ta Kudu kuwa tana raba kujeru gwargwadon ƙuri'u. A 2024 ANC ta samu kashi 40, aka ba ta kujeru 159 cikin 400, dole ta nemi abokan kafa gwamnati. A ganina wannan ya fi adalci ga mai zaɓe, duk da cewa a can jam'iyya ake zaɓa, kuma talaka bai da wani wakili takamaimai da zai tuhuma.