Ciwon matsematsi ba na ƴan ƙwallon Turai kaɗai ba ne

Na ji daɗin wani labari da na karanta kan binciken raunin matsematsi da kwatangwalo, Allah ya saka. Gaskiya ne, binciken da aka yi a Norway ya nuna atisayen ƙarfafa naman cikin cinya ya rage wannan ciwo da kashi 41 cikin ɗari a tsakanin ƴan ƙwallo, kuma ba ya buƙatar na'ura: abokinka ya riƙe maka ƙafa, kai kuma ka ɗaga jiki a kwance ta gefe. Me zai hana masu horar da yaranmu na Agege da ke Legas su koyar da shi?

Amma a tuna da ƴan dakon kasuwar Mile 12. Mutum ya ɗora buhun albasa a ka tun asuba, da yamma yana ɗingishi, ya sha maganin kashe raɗaɗi ya koma gobe. Wani kuma gwaiwa ce take damunsa, yana ɗauka jijiya ce.

Abin da ya fi ci min rai masu sikila ne. Jini kan daina isa kan ƙashin cinya har ya lalace, ana ta yi musu tausa a gida. Don Allah ƴan'uwa, ciwon da ya ƙi tafiya a kai shi asibitin ƙashi na Igbobi a ɗauki hoto.