Tsohuwa Ta Tashi, Ta Tona Min Asiri

Ranar wata Asabar na dawo daga sallar la'asar na tarar da uwargida a ƙofar gida tana ciniki da ɗan gwangwan. A gabansu ga tsohon risho, ga fankar da ta mutu tun bara, ga kuma, innalillahi, kwamfutata. Mutumin har ya rataye ta a sikelinsa yana leƙen lamba.

Na ce, "Sauke ta."

Uwargida ta ce, "Malam, shekara goma sha nawa wannan akwatin yake ƙarƙashin gado? Kyankyasai ne kaɗai ke haya a ciki, su ma ba sa biya."

Akwati fa ta ce! Pentium 4 ce, 'yar Beljiyam, wadda na saya a 2005 lokacin da na buɗe ɗan shagon buga takardu. Ram ɗinta megabayit 256, ma'ajiyarta gigabayit 40, da Windows XP a ciki. Da ita na buga wa rabin unguwarmu katin biki da takardar neman aiki, har na rufe shagon a 2008. Na san wayar da ke aljihun ɗan gwangwan ɗin ta ninka ta ƙarfi, amma ai da tsohuwar zuma ake magani. Sai na bugi ƙirji a gaban yara na ce kafin magariba za ta tashi. Abin da ya cece ni kawai, ban faɗi magaribar wace rana ba.

Da na kwance murfin sai na ga ashe uwargida ta rage lissafin 'yan haya. Ƙurar hunturu ta yi katifa a kan madabod, wato babban faifan da duk kayan cikinta ke dashe a kai, zanzaro kuma ya gina gida mai ɗaki uku a jikin fanka. Na share da buroshin fenti, na hura, na yi atishawa har maƙwabci ya ce min sannu ta katanga. Kafin in jona wuta na duba ɗan jan makunnin nan na bayan fawa fak, akwatin da ke raba mata wuta, mai bolt 115 da 230. Wannan darasi tun 2005 na biya kuɗinsa: kayan da ya fito daga Amurka a kan 115 yake zuwa, in ka ba shi wutarmu a haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Yana kan 230. Na yi bisimilla na danna.

Fanka ta juya. Shi ke nan. Monita baƙi ƙirin, kuma babu ɗan kukan nan guda ɗaya, "tit", wanda kwamfuta ke yi idan ta gama duba jikinta ta ga lafiya lau. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba, amma mu a wurinmu wannan "tit" ɗin kamar kukan jariri ne a ɗakin haihuwa. In ba ka ji shi ba, ka fara salati.

Na fara da abu mai sauƙi. Batirin madabod, mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe mata agogo da saiti, na auna shi a mita, maimakon bolt 3 ko numfashi babu. Na aiki babban ɗana wurin mai gyaran agogo ya sayo sabo. Sannan na tuna da dabarar goge saitin da ya rikice: akwai wasu allurai guda uku a jere kusa da batirin, da 'yar hular roba da ke haɗa biyu daga ciki. Masu gyara suna kiranta jamfa, ko da yake ko ƙuda ba za ta shiga ba balle mutum. A kan ta ɗaya da ta biyu take zama. In ana son goge saiti sai a matsar da ita kan ta biyu da ta uku na ɗan lokaci, a mayar. Na matsar da ita. Daidai nan aka kira magariba, yara suka fara kallona suna kallon agogon bango, na tashi na yi alwala da fuskar mutumin da komai ke tafiya yadda ya tsara.

Washegari na zargi ram. Na zare shi, na goge haƙoransa na zinare da magogin fensirin 'yata, ta yi kuka, na yi mata alkawarin sabo. Na kunna ba ram ɗin ma, don madabod mai rai in ta rasa ram ihu take yi ba ƙaƙƙautawa. Wannan ko tari. Na koma kan fawa fak. Na zare babban fulogin nan mai baki 20, na lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda na haɗa koriyar waya da baƙa, fankarsa ta tashi. Jar waya ta ba ni bolt 5, rawaya ta ba ni 12. Lafiyarsa ƙalau, na zarge shi a banza.

A rana ta uku, da fitilar waya a baki, na hango su. Kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, guda shida a jere gefen furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, kawunansu sun kumbura kamar fanke, biyu har sun yi aman wani abu ruwan ƙasa da ya bushe. Wannan sananniyar annoba ce ta kayan da aka ƙera tsakanin 1999 da wajen 2007: ruwan sinadarin da aka zuba wa kafasitoci da yawa ba a haɗa shi daidai ba, sai ya riƙa tara iska a ciki har kan ya tashi. Na ji wani irin daɗi. Na kira uwargida ta zo ta ga hujja. Ta leƙa ta ce, "To, Allah ya ba su lafiya," ta koma kicin.

Na shiga Sabon Gari na sayo sababbi shida, na aro ƙarfen narka dalma wurin mai gyaran rediyo. A nan na gane bambancin rediyo da madabod. Madabod hawa-hawa ce, akwai shimfiɗar tagulla a cikinta da ke shanye zafi, sai ka ɗora ƙarfe dalmar ta tsaya tana kallonka. Ina cikin fama da ƙafa ta uku aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na manta ƙarfen na jone, na kama shi ta inda ba a kamawa. Abin da na faɗa ba zai rubutu ba, yara dai sun koyi sabuwar kalma.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na gama. Na tara iyali, na danna. Fanka ta juya, muka yi shiru, sai "fau!" Autarmu ta shige bayan uwarta. Kafasita tana da gaba da baya, farin layin jikinta shi ke nuna ƙafar negatib, mai alamar ragi, ni kuwa na dasa guda ɗaya a juye. Ɗakin ya cika da wari kamar an ƙona kifi a cikin roba.

"Malam, ta tashi ke nan?"

Ban amsa ba.

Da safe na naɗe madabod a tsohon zani na hau adaidaita zuwa Titin Beirut, wurin masu kayan kwamfuta a Kano. Ogan shagon da aka kwatanta min bai fito ba, sai yaronsa, wanda na tabbata kwamfutar ta girme shi. Na zayyana masa tarihi tun daga 2005, har da bayanin annobar kafasita, don ya san ba da ɗan koyo yake magana ba. Yana ji yana cin gurasa. Ya sauya wadda ta fashe cikin minti biyar, ya juya madabod ɗin, ya tsaya.

"Baba, wa ya taɓa wannan jamfar?"

Tana nan daram a kan ta biyu da ta uku, inda na bar ta tun magaribar Asabar. Kwana uku ina yi wa tsohuwa tiyata alhali ni na toshe mata hanci.

Na ce, "Yaran gida ne. Ka san yara da taɓe-taɓe."

Ya sa farce ya mayar da ita, ya jona. "Tit."

Allah ya gani, sai da idona ya kawo ruwa. Yaron ya ce kafasitocin ma da gaske sun lalace, aikina bai tafi a banza ba, sai dai walda ce kamar kaza ta yi tsalle a kai. Na biya shi, na ƙara masa na gurasa don ya rage surutu.

A gida na haɗa komai na sake tara jama'a. Rubutu ya fito fari a kan baƙi, yara suka yi tafi. Sai ta tsaya, wai ba ta ga kibod ba, in danna F1 don a ci gaba. In danna da me? Kibod ɗinta mai zagayayyen baki ruwan shunayya, ashe tun watan jiya uwargida ta ba wani ɗan gwangwan ɗin an ba ta robar wanki. Sai da na zaga shago huɗu kafin na samo irinsa.

Bayan isha Windows XP ta buɗe. Ga sunana, ga gurbin kalmar sirri. Na gwada sunan shagon, ta ƙi. Na gwada shekarar haihuwata, ta ƙi. Babban ɗana, da shisshigi ya yi masa yawa, ya miƙa hannu ya latsa alamar tambayar da ke gefe, abin tunin da na rubuta da hannuna a 2006 ya fito ɓaro-ɓaro: sunan masoyiyata.

Uwargida ta matso da kujera tana murmushi. Ta ce, "Rubuta mana, Malam."

Na rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, ina addu'ar a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Kwamfuta ta ce ba shi ba ne.

A 2009 muka yi aure.

Ɗan gwangwan ya dawo ranar Laraba. Ni da kaina na ɗora masa ita a sikeli, har da sabon kibod ɗin kyauta.