Jadawalin Birmingham da Ginin Zariya: Ina Amfanin Ƙirƙirarriyar Basira Ya Tsaya?

Ayyukan gini biyu nake bibiya a kowane mako, kuma tsakaninsu akwai tafiyar sama da awa shida a jirgin sama. Na farko shi ne wanda nake cin abinci da shi, wato wani dogon bene da kamfanin da nake wa aiki yake ginawa a nan Birmingham ta ƙasar Ingila, inda aka ɗora mini alhakin tsara jadawalin aiki da lura da ko ana tafiya a kansa. Na biyu kuwa ɗan gida ne mai ɗaki huɗu da nake ginawa a Zariya, wanda ƙanena yake tsaye a kansa tun ranar da aka haƙa harsashi. Tun da aka fara cika mana kunne da batun ƙirƙirarriyar basira, 'yan'uwa da abokai suke tambayata ko wannan fasaha za ta raba mu da ciwon da ya daɗe yana damunmu na ayyukan da ake farawa ba a gamawa. Ina ganin amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin waɗannan gine-gine biyu.

Bari in fara da abin da na gani da idona, domin ba na cikin masu raina wannan fasaha. Kafin kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, rabin ranar Litinin ɗina yana tafiya ne wajen rubuta abin da aka tattauna a taron mako, da bin kowane ɗan kwangila da saƙo domin tuna masa alkawarin da ya ɗauka. Yanzu manhajar Copilot ta kamfanin Microsoft, da ke cikin manhajar yin taro ta Teams, tana sauraren taron, kuma kafin in tashi daga kujera ta jero wanda ya ɗauki wane aiki da ranar da ya ce zai kammala. Idan aka turo mana takardar yarjejeniya mai shafuka masu yawa, nakan sa manhajar ta nemo mini duk inda aka ambaci tarar jinkiri, sannan in je in karanta wuraren da kaina. Akwai kamfanoni irin su Buildots da OpenSpace da suke sa a ɗaura kyamara a kan hular kwanon ma'aikaci ya zagaya gini, manhaja ta kwatanta hotunan da zanen injiniya, ta nuna bangon da aka gama da wanda ba a taɓa ba. Wani kamfani a Landan mai suna nPlan kuma ya tara jadawalin ayyukan da suka gabata masu ɗimbin yawa, ya koyar da na'ura da su, ta yadda idan aka ba ta sabon jadawali sai ta nuna sassan da irinsu suka saba makara. Duk wannan aiki ne na gaske, kuma ya rage mana wahala ƙwarai.

Sai dai duk waɗannan manhajoji abu guda suke ci, shi ne rubutaccen bayani. A wurin aikinmu babu ranar da za ta wuce ba a cike littafin aikin yini ba: mutum nawa suka shigo, wace mota ce ta kawo kaya, ƙarfe nawa aka fara zuba kankare, ko ruwan sama ya tsayar da aiki, kuma na tsawon wane lokaci. Kada a ɗauka Turawa sun fi kowa son rubutu ne. Tsoron kotu da kamfanonin inshora ne ya koya musu, sannan doka ta ƙara ɗaure su. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yuni na 2017, wadda ta hallaka mutum 72, an yi dokar kiyaye lafiyar gine-gine ta 2022, wadda ta wajabta a ajiye cikakken tarihin dogayen gidajen kwana a kwamfuta, tun daga zane har zuwa irin kayan da aka lulluɓe bango da su. Ƙirƙirarriyar basira ta zo ne ta tarar da rumbu cike da hatsi, shi ya sa ta sami abin niƙawa.

A ginin Zariya fa? A can duk bayanin aikin yana cikin kawunan mutum uku: ƙanena, da birkilan da muka ɗauka, da mai shagon da muke sayen siminti a wurinsa. Yarjejeniyar da muka yi da birkila ta baka ce, a gaban shaidu biyu, aka yi addu'a aka shafa. Ban taɓa zargin ɗayansu da ha'inci ba, kuma har yau ban ga dalilin yin haka ba. Amma wata rana da na zauna ina so in san buhun siminti nawa ginin ya ci daga harsashi zuwa linta, sai na tarar ba ni da komai a hannu sai saƙonnin murya na WhatsApp da hotunan rasit guda biyar, biyu daga cikinsu ma ba sa karantuwa. Na kwashe abin da na samu na zuba wa manhaja, na nemi ta fitar mini da kiyasin abin da ya rage. Ta ba ni lissafi mai tsari da kyan gani, amma da na tura wa birkila sai ya kira ni ya ce, "Yallabai, wanda ya yi wannan lissafin bai taɓa sayen tifar yashi da damina ba." Gaskiya ya faɗa. Manhajar ba ta san cewa idan ruwa ya sauka motoci ba sa iya shiga rafi ba, ba ta san leburori da yawa suna komawa gona a lokacin shuka ba, ba ta san aiki yana raguwa da azumi ba, balle ta san yadda farashin buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ta nuna wata alamar shakka ba. Da a ce ban san kan aikin ba, da na riƙe takardar nan na dinga tuhumar bayin Allah da ita.

A nan ne nake so in daɗe, domin akwai wani abu da ya fi rashin rubutu zurfi, kuma ba mu kaɗai muke fama da shi ba. Aiki yakan lalace ne a lokacin da mummunan labari ya kasa hawa sama. Mu a gida kunya ce take tare shi. Ƙanena ba zai iya buɗe baki ya ce mini, "Yaya, kuɗin da ka turo ba su isa ba, kuma kafinta ya ɓata katako," saboda yana ganin nauyina, kuma ya san yadda nake samun kuɗin. Abin da zai ce shi ne, "An kusa, saura kaɗan." Na yi wata uku ina jin saura kaɗan. A Ingila kuwa tsoron rasa kwangila da son faranta wa na sama ne suke yin wannan aikin. Layin dogo na Crossrail da ya ratsa ƙarƙashin Landan an tsara buɗe shi ne a watan Disamba na 2018, kuma sai a watan Agusta na shekarar, saura wata huɗu, aka fito aka ce ba zai yiwu ba. Ba a buɗe shi ba sai a watan Mayu na 2022 da sunan layin Elizabeth, kuɗinsa kuma ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan biliyan 19. Aikin nan ba ya rasa kwamfutoci ko ƙwararru ko rahotannin wata-wata. Filin jirgin sama na Balin a Jamus ma haka ya yi, an sa ran buɗe shi a 2011, sai a 2020 jirgi ya fara tashi daga cikinsa. Farfesa Bent Flyvbjerg na Jami'ar Oxford, wanda ya tattara bayanan manyan ayyuka sama da dubu 16 daga ƙasashe daban-daban, ya gano cewa waɗanda aka gama a kan lokaci kuma a kan kuɗin da aka ware ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Na'ura ba ta warkar da wannan cuta, wani lokaci ma tana ƙara ɓoye ta. Na taɓa zama a wani taro inda aka tambayi ɗan kwangilar da ke mana wayarin wuta ko zai gama hawa na shida ranar Juma'a. Ya yi shiru, ya dubi takardarsa, ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Duk wanda ya zauna da Ingilishi ya san wannan magana a bakinsu kusan a'a take nufi. Manhajar ta rubuta cewa ya amince zai kammala ranar Juma'a, rahoton ya tafi wurin manya da alamar kore mai nuna komai yana tafiya daidai, aka kira masu filasta su zo ranar Litinin, suka zo suka tarar da wayoyi a waje. Shirun nan da ya yi, da yadda ya sunkuyar da kai, su ne ainihin rahoton, kuma ba su shiga rubutu ba. Laifin nawa ne tunda ni na tura ba tare da na gyara ba, kuma ni aka tambaya, domin ba a kiran manhaja ofis a tuhume ta. Tun daga ranar ban sake barin wani taƙaitaccen bayani ya fita da sunana ba sai na bi shi layi-layi.

Duk da haka akwai wata fa'ida guda da nake ganin ta fi dacewa da mu fiye da Turawa. Manhaja ba ta jin kunyar kowa. Idan aka ba ta adadi na gaskiya, za ta ce kuɗin da ya rage ba zai kai rufi ba, ko da mai ginin yayan mai lura da aikin ne, ko surukinsa, ko shugaban ƙaramar hukuma. Maganar da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya faɗa wa darakta ba, yana iya ajiye masa ita a takarda ya ce ga abin da lissafi ya nuna. A al'ummar da girmama na gaba yake da nauyi irin tamu, kuma ba na fatan mu rabu da wannan tarbiyya, samun hanyar da gaskiya za ta isa sama ba tare da an ci fuskar kowa ba babban abu ne.

Game da ayyukan gwamnati kuwa, ba na son a yaudare mu. Kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun 1979 aka fara shi. Babu wanda zai ce rashin manhajar tsara jadawali ne ya tsayar da waɗannan. Kuɗi ne ba a saki a kan kari, gwamnati ce take sauyawa sabuwa ta yi watsi da na tsohuwa, kwangila ce ake bai wa wanda bai cancanta ba. Ina jin tsoron ranar da za a ware makudan kuɗi a sayo manhajar ƙirƙirarriyar basira a wata ma'aikata, a yi bikin ƙaddamarwa, alhali fayil ɗin aikin da za a ciyar da ita bai cika ba. Aikin da shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yake yi, na tura mutane ƙauyuka su duba ko an gina ajin da aka rubuta a kasafi, su ɗauko hoto, ya fi kusa da abin da muke bukata a yanzu, domin irin wannan bayani ne na'ura za ta iya tattarawa gobe ta nuna inda kuɗi suke zurarewa.

Akwai kuma matsalar harshe. Magina da kafintocinmu da Hausa suke aiki, kuma da baki, yawancinsu ba za su zauna su cike fom da Turanci ba. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, manhajojin yanzu kuma suna rubuta Hausa daidai gwargwado, amma da na gwada ba su saƙon murya na birkila, ga ƙarar injin bulo a bayansa, ga kalmomin sana'a irin su rodi da linta da dekin, abin da suka fitar bai amfanu ba. Matasanmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta a Zariya da Kano da Yamai, da za su mayar da hankali ga wannan, su gina abin da zai saurari magini da harshensa ya mayar da maganarsa lissafin kaya da kuɗi, da sun yi wa dubban masu gini hidima, na gida da mu da muke turo kuɗi daga nesa.

Kafin a kai ga haka, ga abin da muka koma yi a ginin Zariya. Na sayi littafi mai bango mai kauri na sa aka kai wa ƙanena, muka yi magana ta fahimta, na ce masa ba don ina zarginsa ba ne, kuma duk ranar da ya kawo mini labari marar daɗi da wuri, ya taimake ni ne. Kowace yamma bayan la'asar yana rubuta abu uku: mutum nawa suka yi aiki, me aka saya da nawa, me ya rage a ɗakin ajiya. Ya ɗauki hoton shafin ya turo. Ran Asabar nakan kwafe su a kwamfuta in sa manhaja ta tara, ta kwatanta da kiyasin da birkila ya yi da bakinsa, wanda shi ma yanzu mun rubuta shi. A mako na shida lissafin ya nuna cewa idan muka ci gaba da filastar ciki, kuɗin kwano ba zai samu ba kafin ruwa ya sauka. Na kira birkila na karanta masa, ya ce shi ma abin yana ransa tun tuni, nauyin faɗa ne ya hana shi. Muka tsayar da filasta, muka sayi katako da kwano, kafinta ya hau sama a farkon watan Mayu.