Ranar da na yi wa bindigar Baba aski

Bindigar toka ce Baba ya bar min, Allah ya jiƙan shi, irin doguwar nan da in ka jingina ta da bango sai ta kusa kamo ka tsawo. Ni dai matsalata da ita ɗaya ce, duk sanda na rataya ta na hau mashin zan tafi gona sai ta maƙale a reshe, rannan ma a ƙofar zaure ta tokare na dawo da baya kamar wanda aka fizgo, yaran unguwa har da faɗuwa dan dariya. Shi ne na ce wai meye amfanin wannan uban tsawon ne, ai albarushi ne ke aikin ba ƙarfe ba. Na aro zarto wajen mai walda, na zauna gindin darbejiya na datse mata kusan taƙi guda. Na ɗaga ta na duba, wallahi ta yi min kyau, har hoto sai da na ɗauka.

Sai washegari a gona da na ɗora ta a kafaɗa na lura ɗan ƙarfen saitin nan da ke can kan baki babu shi, ashe yana jikin guntun da na wurga bayan rumbu. Na ce ba komai, ido ma saiti ne. Ga fakaru uku suna kiwo a bakin kunya, ko taku talatin babu tsakaninmu, na durƙusa na ja kunama.

Jama'a ni ban taɓa ganin wuta irin wannan ba, kamar an watsa fetur a murhu. Hulata ta yi nata wuri, kunnena na ta wiiii, kafaɗa kuwa kamar jaki ya yi min harbi. Da hayaƙi ya washe sai ga fakaru sun tashi lafiyarsu lau, ɗayar ma sai da ta haɗiye abun da ke bakinta tukuna. Jarkar ruwana da na ajiye can gefen hagu, wadda ba ta ci min ba ba ta sha min ba, ita ce ke tsiyaya ta kafa huɗu.

Da yamma na kai wa Kawu, shi tun yana saurayi yake farauta. Ya shafa bakin da babban yatsa ya kalle ni ya ce, "Kai ɗan nan da haƙori ka yanke ta?" Na ce a'a Kawu da zarto ne. Ya ce to zauna. Wai tsawon nan da na raina a cikinsa ne albarushi ke cin wuta yana ta tura harsashi, in ka rage shi turin bai gama ba harsashi ya fita, ragowar albarushin sai ya ƙone a waje, wutar da ta kusa cinye min gira kenan, harsashin kuma ya tafi a sanyaye ya faɗi da wuri. Nauyin da na rage shi ya dawo min a kafaɗa. Amma abun da ya fi ba shi haushi bakin ne, ya ce gajarta kaɗai ba ta sa bindiga ɓata saiti, akwai gajeru masu kai saƙo daidai, ni dai na yanke shi a karkace ne, iska na riga fita ta gefe ɗaya tana ture harsashi.

Ƙanina ɗan boko da ke gefe yana danna waya shi ma ya sa baki, wai a Amurka tun 1934 akwai doka a kan gajerun bindigogi, a yanzu bindigar rayifil da bututunta bai kai inci 16 ba sai da rajista ta musamman, in ba haka ba mutum na iya shan shekara 10 a gidan yari. Na ce to ai nan ba Amurka ba ce. Kawu ya ce haka ne, ina takardar lasisin da ubanka ya bari, sunan wa ke jiki? Nan na fara kallon silin, alhali ɗakin ko silin babu.

Bindiga dai tana ƙarƙashin gadon Kawu yanzu, ya ce ko taɓa ta na sake yi sai ya saɓa min. Guntun kuma uwargida ta tsince shi tana hura wuta da shi, kuma duk ranar da na dawo daga gona kafin ta ce sannu da zuwa sai ta tambaya yau jarka nawa aka kamo.