Yaranmu na karanta tarihi, amma suna jin sa?

Ranar Asabar bayan la'asar, 'yar ƙanwata da ke aji 4 ta zauna kusa da ni a tsakar gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi, ta buɗe littafin tarihi, ta karanta mini shafin Yaa Asantewaa, jarumar Asantawa da ta yaƙi Turawa. Ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba, Turanci ya fita tar. Da ta kai aya na ce, "To uwata, me ya sa matar nan ta ɗauki bindiga?" Ta dube ni, ta dubi shafin, ta sake karanto layin farko. Na ce ta faɗa mini da Hausa. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ticha bai ce mu san wannan ba."

Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba ita kaɗai ba ce. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji 2 a faɗin Gana a 2015 ya nuna kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai ke karatu da kyau tare da fahimta. Mu kuwa a gida, da zarar mun ji bakin yaro yana gudu a kan takarda, sai mu ce alhamdulillahi, boko ya zauna.

A darasin tarihi da zaman jama'a ne wannan rauni ya fi fitowa fili. A lissafi yaro zai ƙirga marfin kwalba ya gane. Amma mulkin mallaka fa? Haraji, ƙaura, 'yancin kai? Babu wanda za a ɗora masa a tafin hannu. Manhajar da aka fara aiki da ita a Satumban 2019 ta dawo da tarihin Gana cikin firamare, kuma na yi murna da haka. Sai dai ɗan zango yana zuwa wa darasin da kaya mai nauyi: Hausa a gida, Tonanci (harshen Asantawa) a titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a littafi. Harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, babu Hausa a ciki. Kenan harshen da yaron ke tunani da shi, a bakin ƙofar aji yake barin sa tare da kwanon abincinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, maganin yana hannunmu tun kaka da kakanni. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san yadda ake karatun littafi: ɗalibi ya ja Larabci gaɓa ɗaya, malam ya fassara da Hausa, ya kawo misali, ya tambaya ko an gane, sannan a ci gaba. Hadda tana da gurbinta, Alƙur'ani ake haddacewa. Amma ba a taɓa ba mutum izinin fatawa don ya haddace babin tsarki bai san ma'anarsa ba. Me ya hana mu yi wa littafin boko irin wannan zama?

Na san amsar wasu iyaye: jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare da Turanci ake rubuta ta, sa Hausa a ciki zai ɓata wa yaro baki. Ban yarda ba. Yaron da ya gane da Hausa cewa Hodgson, gwamnan Turawan mulkin mallaka, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta sarautar Asantawa ya hau a 1900, ya kuma gane cewa a wurin Asantawa wannan cin mutuncin ƙasa ne ɗungurungum, kalmar Turanci kawai ta rage masa. Wanda bai gane ba, ko ya haddace shafin, da an juya tambayar ya ɓace.

Ba na ɗora wa malaman aji laifin duka. Aji cike maƙil, kuma da yawansu ba sa jin Hausa. Abin da nake roƙo a wurinsu kaɗan ne: kafin a buɗe shafi, a tambayi yara me suka sani, bayan an karanta kuma a bar su su maimaita da bakinsu, ko da Hausa ne tsakaninsu, kafin a koma Turanci. Sauran aikin namu ne. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san fataucin goro, ta san kakanta daga Kano ya taso, ya bi ta Salaga, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watso su kudu. Darasin ƙaura ke nan sukutum, yana zaune a kan tabarma, babu mai tambayar sa.

Ranar nan dai na rufe littafin, na ba yarinyar labarin da Hausa: yadda aka kama Prempeh Sarkin Asantawa a 1896, yadda Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta zaburar da maza, yadda aka yi wa sansanin Turawa na nan Kumasi ƙawanya, har aka kama ta aka kai tsibiran Seshel, inda ta rasu a 1921. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, wa ya kula da jikokinta da aka tafi da ita?" Sannan ta ɗauki littafin da kanta tana neman amsar.

Sansanin yana nan kusa da Adum, an mai da shi gidan tarihin soja. Na yi mata alkawarin Asabar mai zuwa za mu hau tirotiro, motar haya, mu je, da littafin a jakarta.